Abin da Idon Amram Ya Ce

Lahadi, 5 ga Janairu, ƙarfe 6:40 na safe

Yana numfashi. Na tsaya a bakin ƙofa sai da na ga bargon yana tashi yana sauka, sannan na je na ɗora ruwan shayi.

Dokta Lubna ce ta ce in sami littafi in riƙa rubuta yadda ya kwana, da abin da ya shiga cikinsa, da sau nawa ya sarƙe. To ga littafin. Mijina Amram ya kwana da sauƙi. Ya sarƙe sau biyu. Abinci ta robar ciki, kamar kullum.

Sauran abin da zan rubuta ba na likita ba ne, kuma ba zan nuna mata ba.

Litinin, 6 ga Janairu, ƙarfe 2 na rana

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas daga nan Dimona zuwa Beersheba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya hau motarsa ya samu ya yi gyangyaɗi ba. Surutu. Ya tsokani sojoji, ya tsokani tsofaffi, ya yi wa 'yan mata faɗan siket.

Ciwon ya fara da hannun hagu, shekara uku ke nan. Ba zan rubuta sunansa ba, haruffa uku ne. Ya cinye hannuwa, ya cinye ƙafafu, bara ya cinye harshe. Hankalinsa kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Ido ne kawai ya rage. Ina riƙe allon haruffa ina bi da yatsa, ƙiftawa ɗaya eh, biyu a'a.

Yau ya sa na ɗauko allo ina tsakiyar girki. Harafi bayan harafi, minti biyar cur: "Miyarki ba gishiri."

Na ce, "Kai da rabonka da ɗanɗano wata bakwai?"

"Daga ƙamshi na gane."

Na yi dariya. Na shiga kicin na ɗanɗana. Babu gishirin kuwa.

Laraba, 8 ga Janairu, ƙarfe 5 na yamma

Mun je asibiti a Beersheba. Dokta Lubna ta auna ƙirjinsa, ta daɗe tana duba takarda, sannan ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa. Duk ranar da ta zauna haka, labarin ba mai daɗi ba ne.

Ta ce naman da ke jawo numfashi ya fara gajiya. Wata biyu, wata uku, ko tari ɗaya mai ƙarfi. Ta ce hanya biyu ce. Ko a huda maƙogwaro a haɗa shi da injin numfashi, ya yi shekaru a kai. Ko a bar shi da abin hura iska na fuska, a ba shi maganin da zai hana shi jin shaƙewa, har lokaci ya yi.

"Amma ku ji ni da kyau," in ji ta. "In an haɗa, an haɗa ke nan. Doka ba ta yarda a cire ba."

Mun sani. Bara, tun hannun dama yana iya jan layi, ya sa hannu a takarda cewa ba ya son injin. Ta sake tambayarsa yau. Ya ƙifta sau biyu.

Takardar tana cikin durowa, ƙarƙashin mayafin teburin Asabar, ranar hutunmu ta Yahudawa. Ɗanmu Itamar bai san da ita ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, ƙarfe 1 na rana

Freha, yayar Amram, ta zo taya ni haɗa tukunyar Asabar, tunda ba ma girki ranar. Tana ɓare ƙwai tana kuka tana faɗa, duk a lokaci ɗaya.

"In zama fansarki, Zohara, kin rame kamar tsinken tsintsiya. Wannan ƙanen nawa tun yana goye ba ya barin mace ta huta."

Ta ɗaga murya don ya ji daga ɗaki. Na san yana jin daɗin haka.

Na yi kuskure na gaya mata maganar takarda. Ta rantse da kabarin mahaifiyarsu ba mai ji. Na san Freha. Kafin in kunna kyandir ɗin shigowar Asabar maganar ta isa wurin Itamar a Urushalima.

Ya sarƙe sau huɗu yau.

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe 4 na yamma

Itamar ya iso da bas ɗin farko, ko jaka bai ɗauko ba. Tun yana da shekara sha tara ya tafi karatun addini a Urushalima, yanzu gemunsa ya fara furfura, 'ya'yansa biyar. Ya sumbaci goshin ubansa, ya gyara masa 'yar hula, sannan ya ce, "Ima, zo kicin." Haka yake kirana, wato Mama.

Ya rufe ƙofa a hankali. Da ya yi ihu da ya fi min sauƙi.

"Ina takardar?"

"Ta ubanka ce, ba tawa ba."

"Ima, rai ba na Abba ba ne, ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Ajiya ce aka ba mu. Sa'a ɗaya ta mai rai daidai take da shekara saba'in. Ga inji da zai riƙe shi, sai mu ce ba ma so?"

Na ce, "Wace irin rayuwa ce wannan? Ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya jira ni."

"Wa ya ba mu mudun da za mu auna? Yau mun ce wanda ba ya motsi bai cancanta ba, gobe wa?"

Sai bakina ya riga ni. Na ce, "Kai kake juya shi sau shida a rana? Kai kake wanke shi?"

Ya kalle ni. Idonsa irin na uban ne sak. Ya ce, "Ima, wannan a'a ɗin don shi ne, ko don ke?"

Tukunya ta tafaso, na juya na rage wuta.

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe 7 na safe

Yana numfashi. Ban amsa wa Itamar ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, ƙarfe 3 na rana

Rab Dahan ya zo. Shi ne malamin majami'armu, shi ya ɗaura mana aure, shi ya sa wa Itamar suna. Ya haura tamanin, sai da ya huta sau biyu a matakala. Ya ƙi shayi, ya ce in kai shi wurin direba.

Ya zauna a bakin gado ya ce, "Amram, sau biyu ka wuce ni a tasha ina ɗaga maka hannu. Ban manta ba."

Amram ya sa na ɗauko allo. "Kai ne ka makara."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Sannan ya tambaye shi ko yana jin ciwo. Eh. Yana jin tsoro? Eh. Tsoron me?

Wannan amsar ta ci kusan rabin awa, hannuna har ya sage. Ya ce likita ta gaya masa wasu, in sun daɗe a kan inji, idon ma yana tsayawa. Ya ce yana tsoron ya zama yana ciki, yana ji, yana gani, ba hanyar cewa ko da ƙaiƙayi nake ji, shekara da shekaru.

Bai taɓa gaya min wannan ba. Ni na karanta shi da bakina, harafi harafi, a gaban ɗansa.

Rab Dahan ya daɗe yana murza gemu. Zan rubuta abin da ya ce yadda na iya riƙewa.

Ya ce darajar rai ba ta raguwa don jiki ya ragu. Amram na kan gado da Amram na kan sitiyari farashinsu ɗaya a wurin Ubangiji. Don haka ba mai ikon gaggauta masa ko da minti ɗaya, ko shi da kansa. Abinci, ruwa, iska ta fuska, ba a hana shi. Maganin ciwo a ba shi isasshe, kada a yi masa rowa, domin wahala ba ƙaramin abu ba ce a idon Mahalicci. Amma mutumin da ciwonsa ba shi da magani, yake cikin irin wannan ƙunci, ba a tilasta masa ya ɗauki sabon kaya don a tsawaita masa ƙuncin. In ya ce ba ya so, bai yi laifi ba.

Itamar ya ce cikin ladabi, "Rab, malamina a Urushalima yana ganin wajibi ne a haɗa."

"Malaminka babban mutum ne, kuma akwai manya da ke bayansa. Ni ma akwai a bayana. Amma shi bai zauna a ɗakin nan ba." Ya juyo gare ni. "Ke kuma 'yata, ki riƙe wannan. Takarda takarda ce. Maganar tana hannun mai ita muddin yana iya cewa eh ko a'a. A tambaye shi kullum kamar ba a taɓa tambaya ba."

Itamar ya sumbaci hannunsa ya raka shi ƙasa. Ya daɗe bai hawo ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe 9 na safe

Itamar bai koma ba. A kan doguwar kujerar falo yake kwana. Kowace safiya yana naɗa wa ubansa igiyoyin addu'a a hannun da ba ya motsi, ya lulluɓe shi da mayafi, ya karanta a madadinsu su biyu. Ya koyi juya shi. Allon ne bai iya ba, yana sauri, yana yi masa shigar sauri da kalmomin da yake zato. Jiya Amram ya ce in gaya masa, "Ka bar cika min baki da maganarka."

Ni da Itamar ba ma magana sai ta tawul da magani.

Talata, 21 ga Janairu, ƙarfe 6 na yamma

Tari. Jikinsa da ɗumi. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta saurari ƙirji, ta rubuta magani, ta ƙi haɗa ido da ni.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe 11 na safe

Zazzaɓi bai sauka ba. Fatar idonsa tana rawa, yanzu sai na sa hankali sosai nake bambance ƙiftawar magana da ta gajiya. Na tambaye shi maganar injin da safe. Biyu.

Na mayar da takardar cikin jakata. Ina wanke kwanuka ina gwada faɗa a hankali: ya ce a'a, likita, ga takarda. Ina so muryata ta fita ba tare da rawa ba in ranar ta zo.

Ɗazu ina shanya zanen gado sai na tsinci kaina a gidan ƙanwata a Ashdod, zaune a baranda ina kallon teku, na yi barci har ƙarfe tara, ba wanda ke jirana. Iska ma na ji a fuskata. Da na farga sai na zauna a kan bokiti.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Juma'a, 24 ga Janairu, ƙarfe 3 na rana

Yana numfashi. Da ƙyar. Zan kunna kyandir.

Lahadi, 26 ga Janairu, ƙarfe 10 na safe, asibiti

Jiya ne, wajen ƙarfe goma na safe. Na shiga da ruwan goge masa fuska na tarar leɓensa ya yi baƙi-baƙi, wuyansa yana ja kamar na tsuntsu. Na kira Itamar. Yaron nan da ko makunnin fitila ba ya taɓawa ran Asabar, ya ɗauki waya ko jinkiri bai yi ba. Ya shiga motar asibiti da mayafin addu'a a kafaɗa.

Dokta Lubna ce ke aiki. Ta duba shi ta ce huhu ya cika, abin fuska ba zai riƙe shi ba, minti kaɗan ne muke da su. Na ciro takardar. Ta ɗaga min hannu, ta sunkuya a kansa.

"Amram, kana jina? Mu haɗa ka da injin?"

Itamar yana can ƙarshen gado, ya riƙe ƙafar uban, idonsa a rufe yana karanta Zabura. Amram bai kalli likita ba. Ya juyo da ƙwayar idonsa har sai da ya same ni.

Ya ƙifta. Ɗaya.

Na jira ta biyu. Na jira. Ba ta zo ba.

Idon yana ta zubar da ruwa, fatar tana karkarwa. Dokta Lubna ta ce, "Zohara, ni ban iya karanta shi a haka ba. Me ya ce?"

Takardar tana hannuna, da sa hannunsa, da hatimi. Rab ya yarda. Likita ta yarda. Ranar Alhamis ma biyu ya yi min. Itamar bai gani ba. Duk duniya ba wanda ya gani sai ni.

Na matse takardar a hannuna.

Na ce, "Sake tambayarsa."

Ta sake. Ya matse idon da dukan ƙarfin da ya rage masa, ya buɗe, ya kafe ni da shi.

Na ce, "Ya ce eh."

Suka fitar da mu waje.

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe 8 na safe

Injin yana numfashi.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe 4 na yamma

Sun huda maƙogwaron jiya. Har yanzu suna ba shi maganin barci.

Itamar ya same ni a baranda ya sumbaci kaina, ya ce, "Ima, ki yafe min abin da na faɗa a kicin. Ke kika cece shi." Na janye kaina. Ya ɗauka fushin ranar ne. Na bar shi a haka.

Freha ta kawo abinci a kula, ta zauna tana kallon ƙanenta ta gilashi. Can ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin tabbata abin da kika gani ke nan? Ko yaron nan ne ya tsorata ki?"

Na ce na tabbata.

"To Allah ya ba ki kafaɗu," in ji ta. "Don shi wannan, in dai taurin kai ne, sai ya binne mu duka."

Shekaru. Likita ta ce shekaru. Ina da shekara sittin da uku.

Alhamis, 30 ga Janairu, ƙarfe 2 na rana

Rab Dahan ya zo, surukinsa ya kawo shi a mota. Na tare shi kafin ya shiga. Muka zauna a benci kusa da injin shayi. Ban taɓa yi wa malami irin wannan magana ba.

Na ce, "Rab, in mutum ya tsaya tsakanin kalma biyu, zuciyarsa ta so ɗayar..."

Bai bar ni na ƙarasa ba. "Wace ce ta fito daga bakinki?"

"Tasa."

"To ita aka rubuta." Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. "Shekara uku kina ɗaga namiji da ya fi ki nauyi. Wanda ya ce bai taɓa son hutu ba a irin wannan hali, ko maƙaryaci ne ko bai yi jinya ba. Ba a kai zuciyar mai jinya gaban shari'a, 'yata."

Na tambaye shi yanzu sai me. Ya ce injin ba mai taɓa shi, ko Amram ya roƙa. Amma duk wani sabon abu da zai zo, wata tiyata, ko tayar da zuciya in ta tsaya, ɗaya bayan ɗaya za a tambaye shi, kuma yana da ikon cewa ya isa.

Na ce, "In idon ya tsaya fa? Wa za a tambaya?"

Ya ce, "Ban sani ba. Shi ya sa za ku yi magana tun yanzu, ke da shi da Itamar, ku rubuta."

Na so ya ce wani abu da ya fi haka.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe 12 na rana

Ya farka sosai. Zazzaɓi ya sauka. Itamar ya koma Urushalima, ya ce zai riƙa zuwa Talata da Alhamis ya karɓe ni. Na yarda da shi, amma 'ya'ya biyar 'ya'ya biyar ne.

Na ɗauko allo. Ban tambaye shi dalili ba, shi ya fara. Na zaci zai ce don jikoki, ko ya yi mafarki, ko maganar Itamar ta shige shi.

Ya rubuta: "Na ji tsoro."

Shi ke nan. Na jira ƙari, babu.

Na ce, "Yanzu fa?"

"Har yanzu. Na mutuwa da na injin."

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe 3 na rana

Sun ce nan da mako uku za mu koma gida da injin. Sai na koyi zuƙe majina daga robar wuya, da canza ta, da abin da zan yi in wuta ta ɗauke.

Bayan an goge masa jiki ya nuna allo da ido. Ya tafi a hankali, bai yi kuskure ko ɗaya ba, kamar ya kwana yana shirya ta.

"Ranar nan. Kin so ki ce a'a?"

Na ajiye allon a cinyata. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yi masa ƙarya mai girma ba, ƙanana dai na kuɗin takalmi. Injin yana ta hura yana saki.

Na ce, "Na so."

Ya rufe ido. Ya daɗe har gabana ya faɗi, na miƙe zan kira wani. Sai ya buɗe, ya nuna allo.

"Na sani."

"Ka sani, kuma ni ka kalla? Ɗanka yana nan tsaye. Da shi ka kalla da ba ka sha wahalar maimaita ƙiftawar ba."

"Itamar eh zai ce ko me na ce. Ke kaɗai za ki faɗi nawa."

Ban iya riƙe allon ba bayan haka. Na kifa fuskata a kan hannunsa. Hannun ba ya iya shafa kaina, na ɗaga shi na ɗora da kaina.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo da safar hannu da siririyar roba, ta ce ko a bar koyon zuƙe majinar sai gobe. Na ce a'a, a yi yau. Sau uku robar tana kuɓuce min. A na huɗu ta shiga.